Micropterigidae

Micropterigidae dangi ne na ƙananan asu masu muƙamuƙi, a cikin odar Lepidoptera, wato rukunin ƙwarin da ya haɗa asu da malam-buɗe-littafi. Shi kaɗai ne dangi a cikin babban dangin Micropterigoidea da kuma ƙaramar odar Zeugloptera. Abin da ya bambanta 'yan wannan dangi da kusan dukkan sauran asu shi ne, manyansu ba su da bututun tsotson ruwan fure. Suna da muƙamuƙan tauna, da su suke niƙa garin fure da ƙwayoyin irin tsire-tsire marasa fure. Masana ƙwari suna ɗaukar dangin a matsayin ɗaya daga cikin rassa mafi tsufa na Lepidoptera da suka rage a raye.

Jerin rabe-raben Lepidoptera da Erik van Nieukerken da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya ƙidaya jinsi 21 da nau'i 160 a wannan dangi, daga cikin nau'i sama da 157,000 na odar gaba ɗaya. An bayyana wasu sababbi bayan wannan shekara. Ana samun dangin a duk nahiyoyi ban da Antatika, amma a warwatse: a dazuzzuka masu laima na Turai, gabashin Asiya, Amurka ta Arewa da ta Kudu, kudancin Afirka, Ostireliya, Niyu Zilan da Niyu Kaledoniya.

A wannan maƙala, kalmar "jinsi" tana nufin rukuni irin su *Micropterix*, kalmar "nau'i" kuma tana nufin ɗaya daga cikin 'yan rukunin, kamar *Micropterix calthella*.

## Asalin suna

Sunan dangin ya samo asali ne daga sunan jinsin *Micropterix*, wanda masanin ƙwari Bajamushe Jacob Hübner ya raɗa a 1825. An haɗa shi daga kalmomin Girkanci guda biyu: *mikros*, ma'ana ƙarami, da *pteryx*, ma'ana fiffike. Ɗafin *-idae* shi ne wanda ake liƙa wa sunan kowane dangin dabbobi. Gottlieb Herrich-Schäffer, likita kuma masanin ƙwari a birnin Regensburg, shi ne ya kafa dangin a 1855.

A tsofaffin littattafai ana cin karo da rubutun *Micropteryx* da Micropterygidae, da harafin *y*. Wannan gyara ne da marubutan baya suka yi domin sunan ya dace da asalin kalmar Girkanci. Ƙa'idar sanya wa dabbobi suna ta fifita yadda mai suna ya fara rubuta shi, saboda haka aka koma kan rubutun Hübner. Amma sunan jinsin Japan *Neomicropteryx* ya riƙe harafin *y*, domin da shi aka raɗa shi tun farko.

Sunan ƙaramar odar, Zeugloptera, ya haɗa *zeugle*, wato madaukin karkiya, da *pteron*, fiffike. Yana nuni ne ga ɗan leɓen da ke gindin fiffiken gaba.

A Hausa, "asu" ya fi nufin ƙwaron da ke cin tufafi, "faɗa-wuta" kuma wanda ke zuwa wurin fitila da dare. Ana amfani da "asu" a nan ne da faɗaɗɗiyar ma'anarsa ta ilimin ƙwari. 'Yan Micropterigidae ba sa cin tufafi, kuma galibinsu da rana suke tashi. Asun tufafi yana cikin wani dangi dabam mai suna Tineidae.

## Siffa

### Babban ƙwaro

Ƙanana ne ƙwarai. Tsawon fiffiken gaba yakan kasance tsakanin milimita 3 zuwa 6. Fukafukan suna da ƙyalli kamar na ƙarfe, launin zinariya ko tagulla ko shunayya, sau da yawa da ratsi ko ɗigo-ɗigo. Kan yana lulluɓe da gashi a tsaitsaye. Idan ƙwaron ya sauka, yakan ɗora fukafukansa a kan jikinsa kamar jinka.

Siffofin da masana suka fi dogara da su wajen gane dangin su ne:

- Muƙamuƙi masu aiki. Suna da tsoka da haƙora. A cikin bakin akwai wani ɗan aljihu mai ƙayoyi inda ake murƙushe garin fure kafin a haɗiye.
- Dogayen 'yan yatsun baki masu gaɓa biyar, a naɗe. Da su ƙwaron ke kwaso gari daga fure ya kai baki.
- Jijiyoyin fukafukai iri ɗaya. Tsarin jijiyoyin fiffiken gaba da na baya kusan ɗaya ne. A mafi yawan asu da malam-buɗe-littafi, fiffiken baya yana da ƙarancin jijiyoyi.
- Leɓen fiffike, wanda ake kira *jugum* da Latin, a gindin fiffiken gaba.
- Ɓawon fiffike mai toshiya. Ƙananan ɓawon da ke rufe fukafukan ba su da rami a ciki, saɓanin na yawancin sauran asu.
- Gaɓoɓin ji masu rassa a kan ƙahonnin kai, waɗanda suka keɓanta da wannan dangi.

### Tsutsa da matakin kwanciya

Tsutsar ba ta yi kama da tsutsar asu da aka saba gani ba. Gajeriya ce mai kauri, tana iya janye kanta cikin jikinta, kuma ƙahonninta dogaye ne idan aka kwatanta da na sauran tsutsotsin Lepidoptera. Fatar jikinta tana da tsari na musamman mai riƙe siririn shimfiɗin iska. An bayyana wannan a tsutsar jinsin *Epimartyria*, inda yake taimaka mata numfashi idan ruwa ya mamaye inda take.

Idan tsutsar ta gama girma, sai ta saƙa ƙunshin siliki ta kwanta a ciki. A wannan mataki ƙafafu da fukafukai ba su manne da jiki ba, kuma akwai muƙamuƙan da ƙwaron ke yage ƙunshin da su idan lokacin fitowa ya yi. Wannan ma tsohuwar siffa ce da mafi yawan asu suka rasa.

## Abinci da rayuwa

Manyan *Micropterix* suna cin garin fure na itatuwa da ciyayi iri-iri. Sanannen misali shi ne *Micropterix calthella*, wanda Carl Linnaeus ya bayyana a 1761. A watannin Mayu da Yuni ana ganin su cunkushe a cikin furannin *Ranunculus* da *Caltha* a wurare masu dausayi na Turai, kuma daga sunan *Caltha* aka samo sunan nau'in. Tsutsotsin *Micropterix* suna zaune a cikin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye.

A sauran sassan duniya, tsutsotsin da yawa sun dogara ne da wasu ƙananan tsire-tsire marasa fure, 'yan uwan gansakuka, na rukunin Marchantiophyta. Ana iya kiransu tsiron hanta, saboda siffar wasunsu mai kama da hanta. Suna fitowa a kan jiƙaƙƙen dutse, ruɓaɓɓen kututture da bakin rafi, kuma ba sa jure bushewa. Manyan wasu jinsuna, irin su *Sabatinca* na Niyu Zilan, suna cin ƙwayoyin irin tsire-tsiren Polypodiopsida, masu ganye kamar gashin tsuntsu, waɗanda su ma ba sa fure.

A Niyu Kaledoniya, wani bincike da Leonard Thien da abokan aikinsa suka wallafa a 1985 ya nuna cewa *Sabatinca* suna taruwa a furannin bishiyar *Zygogynum*, ta dangin Winteraceae, suna cin garinta, suna barbara a wurin, suna kuma ɗaukar garin daga wannan fure zuwa wancan. Bishiyar da ƙwaron duk tsofaffin rassa ne, shi ya sa ake yawan kawo wannan misali a bayanin farkon dangantakar ƙwari da furanni.

'Yan dangin ba su da ƙarfin tashi, ba sa yin nisa da inda suka ƙyanƙyashe. Wannan rauni, haɗe da buƙatar laima, shi ne babban dalilin da ya sa nau'o'i da yawa suka taƙaita ga tsauni ɗaya, kwari ɗaya ko tsibiri ɗaya.

## Rarrabuwa

### Tarihin muhawara

Matsayin dangin ya daɗe yana jawo saɓani, domin ƙwaro ne mai ɓawon fukafukai irin na asu amma da baki irin na ƙwari masu tauna. A ƙarni na 19 an haɗa shi wuri ɗaya da 'yan dangin Eriocraniidae, waɗanda suka yi kama da shi a girma da ƙyalli. Daga baya aka raba su, saboda Eriocraniidae suna da ɗan gajeren bututun tsotso.

A 1917, Thomas Algernon Chapman ya ba da shawarar a fitar da *Micropterix* daga Lepidoptera a ba shi oda tasa mai suna Zeugloptera. Howard Hinton ya goyi bayan wannan ra'ayi a 1946, bisa nazarin tsutsa. Wasu kuma sun kusantar da dangin da Trichoptera, ƙwarin da tsutsotsinsu ke rayuwa a ruwa, waɗanda su ne 'yan uwan Lepidoptera mafi kusa. Odojin biyu suna haɗuwa a rukunin Amphiesmenoptera.

Aikin Niels Peder Kristensen na gidan tarihin dabbobi da ke Kofanhagan, a ƙasar Denmak, ya taimaka wajen rufe wannan muhawara. Ya tattara jerin siffofin jiki da Micropterigidae suka yi tarayya da sauran asu, waɗanda babu su a Trichoptera. A yau ana ɗaukar Zeugloptera a matsayin ƙaramar oda a cikin Lepidoptera, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da hakan.

### Matsayinsa a cikin Lepidoptera

Ana raba Lepidoptera zuwa ƙananan odoji huɗu:

1. Zeugloptera: dangin Micropterigidae.
2. Aglossata: dangin Agathiphagidae, mai nau'i biyu kacal a Ostireliya da tsibiran kudu maso yammacin tekun Fasifik. Tsutsotsinsu suna cin 'ya'yan bishiyar *Agathis*.
3. Heterobathmiina: dangin Heterobathmiidae, a kudancin Chile da Ajantina. Tsutsotsinsu suna haƙa cikin ganyen bishiyar *Nothofagus*.
4. Glossata: duk sauran asu da malam-buɗe-littafi, masu bututun tsotso. Su ne sama da kashi 99 cikin 100 na nau'o'in odar.

Ukun farko duk suna da muƙamuƙi, kuma biyu daga cikinsu an fara sanya su ne a ƙarƙashin Micropterigidae. Lionel Dumbleton ya bayyana jinsin *Agathiphaga* a 1952 a cikin wannan dangi, sai Kristensen ya ware masa nasa dangi a 1967. Haka ma *Heterobathmia*, wanda Kristensen da Ebbe Nielsen suka bayyana a 1979, an fitar da shi ne bayan an gano tsutsarsa. Riƙe muƙamuƙi tsohuwar siffa ce da suka gada daga kakanni na nesa, ba hujja ba ce cewa dangogin uku reshe ɗaya ne. Binciken ƙwayoyin halitta na Jerome Regier da abokan aikinsa a 2015 ya nuna cewa Heterobathmiidae sun fi kusa da Glossata fiye da yadda suke da Micropterigidae.

### Rassan cikin dangi

Babu rabon ƙananan dangogi da kowa ya amince da shi, amma nazarin siffa da na ƙwayoyin halitta ya fito da manyan rassa biyar, kuma kowane reshe yana da yankinsa:

- Reshen *Micropterix*: jinsi ɗaya, a Turai, arewacin Afirka da Asiya.
- Reshen arewacin duniya: *Epimartyria* a Amurka ta Arewa, da *Paramartyria*, *Neomicropteryx*, *Palaeomicroides*, *Issikiomartyria*, *Kurokopteryx* da *Vietomartyria* a gabashin Asiya.
- Reshen Ostireliya: *Tasmantrix*, *Aureopterix*, *Nannopterix* da *Zealandopterix*.
- Reshen kudancin duniya: ya haɗa da *Agrionympha*, *Hypomartyria* da *Austromartyria*, a nahiyoyi uku.
- Reshen *Sabatinca*: a Niyu Zilan da Niyu Kaledoniya kawai.

A da, kusan duk nau'o'in yankin Ostireliya da maƙwabtanta ana jefa su ne cikin *Sabatinca*, jinsin da Francis Walker ya raɗa a 1863. A 2010 George Gibbs na Jami'ar Victoria da ke Wellington ya ware sababbin jinsuna biyar: *Austromartyria*, *Tasmantrix*, *Aureopterix*, *Nannopterix* da *Zealandopterix*. Tun daga nan babu sauran *Sabatinca* a jerin ƙwarin Ostireliya.

## Yaɗuwa

### Turai, arewacin Afirka da yammacin Asiya

*Micropterix* shi ne jinsi mafi yawan nau'o'in da aka bayyana, kuma cibiyarsa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne: Italiya, Sifen, Girka, yankin Balkan da tsaunukan Alps. Akwai nau'o'i a Maroko, Aljeriya da Tunisiya, da kuma Turkiyya da Kokasas. Yawansu yana raguwa idan aka nufi arewa. Birtaniya tana da nau'i biyar: *M. calthella*, *M. aruncella*, *M. aureatella*, *M. tunbergella* da *M. mansuetella*. Daga cikinsu *M. aureatella* ya fi kowa faɗin yanki, domin ya miƙa daga Turai har zuwa Japan. A 2010 aka bayyana *Micropterix cornuella* daga tsaunukan Himalaya na Indiya, abin da ya faɗaɗa iyakar jinsin ta kudu maso gabas.

### Gabashin Asiya

Syuti Issiki ya bayyana jinsunan *Neomicropteryx*, *Paramartyria* da *Palaeomicroides* a 1931 daga Japan da Taiwan. Satoshi Hashimoto ya sake nazarin nau'o'in Japan a 2006, ya ƙara *Issikiomartyria* da *Kurokopteryx*. Ana samun *Vietomartyria* a Biyetnam da kudancin Sin.

Nau'o'in Japan sun zama misali a ilimin juyin halitta. Yume Imada, Atsushi Kawakita da Makoto Kato sun nuna a 2011 cewa wani rukuni mai kusan nau'i 25 duk tsiron hanta ɗaya tsutsotsinsa ke ci, wato *Conocephalum conicum*. An saba ɗauka cewa ƙwari masu cin tsirrai suna rabuwa zuwa sababbin nau'o'i ne idan suka sauya abinci. A nan kuwa abincin bai sauya ba. Abin da ya raba su shi ne tsaunuka da teku, domin kusan kowane nau'i yana da nasa yanki da ba ya haɗuwa da na ɗan uwansa.

### Nahiyoyin Amurka

Amurka ta Arewa tana da nau'i uku, duk a jinsin *Epimartyria*. *E. auricrinella* yana gabashin Amurka da Kanada, tsutsarsa tana cin tsiron hanta *Bazzania trilobata*. *E. pardella* yana dazuzzukan gaɓar teku na arewacin Kalifoniya da Oregon. Na ukun, *E. bimaculella*, Donald Davis da Jean-François Landry ne suka bayyana shi a 2012 daga arewa maso yammacin Amurka da lardin British Columbia na Kanada.

A kudu nau'o'in da aka bayyana kaɗan ne. Kristensen da Nielsen sun bayyana *Hypomartyria micropteroides* daga Chile da *Squamicornia aequatoriella* daga Ekwado a 1982. David Wagner da Davis sun ƙara *Sporaphaga costaricensis* daga Kosta Rika.

### Kudancin Afirka

Jinsin *Agrionympha*, wanda Edward Meyrick ya raɗa a 1921, yana ƙasar Afirka ta Kudu. Gibbs da Kristensen sun sake nazarinsa a 2011 tare da bayyana sababbin nau'o'i. *Agrionympha* ba ɗan uwan *Micropterix* na arewacin Afirka ba ne na kusa. Danginsa suna Chile da jihar Queensland ta Ostireliya. Ke nan nahiyar Afirka tana ɗauke da rassa biyu dabam-dabam, ɗaya a kowane ƙarshenta.

### Ostireliya, Niyu Zilan da Niyu Kaledoniya

A Ostireliya dangin yana bin dazuzzukan ruwan sama na gabas, daga arewacin Queensland zuwa tsibirin Tasmaniya. *Tasmantrix* ne ya fi yawa a can. Niyu Zilan tana da nau'i 19 bisa nazarin Gibbs na 2014: 18 na *Sabatinca* da kuma *Zealandopterix zonodoxa* na arewacin Tsibirin Arewa.

Niyu Kaledoniya, duk da ƙanƙantarta, ita ce wurin da dangin ya fi cunkoso a duniya. An tattara sama da nau'i 50 na *Sabatinca* a can, galibinsu ba a ba su sunan kimiyya ba tukuna. Akwai kuma *Aureopterix micans* da *Nannopterix choreutes* na reshen Ostireliya.

### Bayanin wannan yaɗuwa

Kasancewar 'yan uwa na kusa a Chile, Afirka ta Kudu da Ostireliya ya dace da tarihin Gondwana, tsohuwar babbar nahiyar kudu da ta tsattsage ta haifar da waɗannan ƙasashe. Ƙwaron da ba ya iya tashi nesa, wanda tsutsarsa ke mutuwa idan ta bushe, da wuya ya ƙetare teku mai faɗin dubban kilomita. Saboda haka masana da yawa suna ganin ƙasar ce ta rabu da ƙwarin a kanta.

Niyu Zilan da Niyu Kaledoniya duk tudai ne na Zealandia, yankin da ya ɓalle daga Gondwana kimanin shekaru miliyan 80 da suka wuce, wanda mafi yawansa ya nutse a teku. Masana ilimin ƙasa suna da hujjar cewa teku ta rufe Niyu Kaledoniya na dogon lokaci, sai kimanin shekaru miliyan 37 da suka wuce ta sake fitowa. Wannan ya sa *Sabatinca* ya shiga muhawarar ko tsofaffin halittun tsibirin sun tsira ne a wasu tsibiran da ke kusa waɗanda yanzu babu su, ko kuwa daga baya suka iso. Gibbs da David Lees sun tattauna batun a wani nazari na 2014.

## Burbushin tarihi

Dangin yana da burbushi da dama, galibi a cikin ƙaron bishiya da ya daskare ya zama dutse. *Parasabatinca aftimacrai*, wanda Paul Whalley ya bayyana a 1978 daga ƙaron Labanan, ya kai kimanin shekaru miliyan 125 ko fiye, a farkon zamanin Cretaceous. Ƙaron Miyanma, mai kimanin shekaru miliyan 99, yana ɗauke da *Sabatinca perveta*, wanda Theodore Cockerell ya bayyana a 1919. Ƙaron tekun Baltik na zamanin Eocene kuma ya adana jinsin *Baltimartyria*, wanda ya ƙare.

Waɗannan burbushi sun yi kama da 'yan dangin na yau sosai, alamar cewa tsarin jikin bai sauya da yawa ba cikin fiye da shekaru miliyan 100. Sun kuma nuna cewa dangin ya taɓa zama a wuraren da rassansa na wancan lokaci ba su nan a yau. Cin ƙwayoyin irin tsirrai marasa fure da dogaro da tsiron hanta sun dace da ƙwaron da asalinsa ya riga yaɗuwar tsirrai masu fure.

## Muhimmanci da barazana

Micropterigidae ba sa ɓarna ga amfanin gona ko kayan ajiya. Muhimmancinsu na kimiyya ne: duk mai son fahimtar yadda bututun tsotso, ɓawon fukafukai mai rami da tsutsa mai cin ganye suka samu a Lepidoptera, da wannan dangi yake kwatantawa, domin shi ne ya riƙe yanayin da ake ganin kakannin odar suna da shi.

Siffofin da suka sa dangin ya rabu zuwa nau'o'i masu ƙananan yankuna su ne kuma suke jefa shi cikin haɗari. Sare daji yana buɗe ƙasa ga rana da iska, tsiron hanta ya bushe, tsutsar ta rasa abinci da mafaka, babban ƙwaron kuma ba ya iya ƙaura zuwa wani daji mai nisa. A Niyu Kaledoniya, haƙar ma'adinin nikel da gobarar daji suna cikin manyan abubuwan da ke rage dazuzzukan asali, kuma a can ne mafi yawan nau'o'in *Sabatinca* da ba a riga an raɗa musu suna ba suke zaune.